Labarin Sama da Ƙasa a Kwarin Rima: Daga Lissafin Taurari zuwa Darasin Turanci

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun wani darasi guda ɗaya, a ga yadda ya shigo ƙasar Kabi, da harshen da ya shigo da shi, da abin da ya tarar. Darasin kuwa shi ne labarin da masana kimiyya su ke bayarwa na sama da ƙasa, watau yadda rana da wata da taurari su ke, da nisansu, da shekarunsu, da mafarin al'amarin duka gwargwadon abin da awo da lissafi suka nuna. Yaron Birnin Kebbi ko na Argungu ba ya gamuwa da wannan labari sosai sai a aji, a ajin ma sai da Turanci, harshen da bai gama koyo ba tukuna. Kaya biyu ke nan a ke aza masa a kai ɗaya, ga nauyin magana, ga nauyin harshe. Abin da na ke so in nuna shi ne tarihi ya haɗa waɗannan kaya biyu, ba tilas ba, gama ƙasar tana da nata harshen yin zancen sama tun kafin a kafa allon boko na fari a cikinta.

Garuruwan nan biyu a bakin gulbi ɗaya su ke. Gulbin Rima ya kan haɗu da na Sakkwato, sa'an nan ya miƙo yamma da kudu, ya wuce Argungu, ya wuce Birnin Kebbi, ya je ya faɗa Kwara. Kanta ya kafa mulkin Kabi a ƙarni na 16, yana zaune a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin a 1805. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattaru a Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Gwandu har zuwan Turawa, waɗanda suka sauka Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a 1903. A zamanin Turawan ne mazaunin Sarkin Gwandu ya dawo Birnin Kebbi. Ba a ɗinke ɓarakar ba sosai sai a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su a gulbi don girmamawa, abin da ya zama asalin bikin kamun kifi da duniya ta sani yanzu. Mai karatu ya riƙe shekarar nan ta 1934, za mu bukace ta gaba.

To, mene ne mutanen wannan kwari suka sani game da sama kafin boko? Sanin nasu hawa biyu ne. Akwai na kowa da kowa, wanda yaro ke ɗauka a dandali da gona: Kaza da 'Ya'yanta, da Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa gabanin asuba, da tauraruwa mai wutsiya wadda a ke ɗauka alama ce ta wani babban abu da zai auku. In wata ya yi zazzaɓi, yara su fito da gwangwani da ganga suna roƙon rana ta sake shi, manya kuwa su nufi masallaci.

Hawa na biyu na malamai ne, shi ne kuwa ya fi cancantar a tsaya a kansa. Malamai sun gaji lissafin manzilolin wata 28 daga littattafan Larabci, suka mai da shi kalandar noma. Kowane tauraro kwana 13 ya ke yi, sai Jabha da a ke ba 14, jimla kwana 365. An raba su kashi huɗu, bakwai bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, da Han'a, da Zira'a, da Nasara, da Ɗarfa, da Jabha, da Harsan. Kaka ta kan fara da Sarfa, ɗari ya fara da Shaula, Surayya da Dabaran kuwa su ne ke rufe bazara. Manomin gero a tudu da manomin shinkafa a fadama duk su kan tambayi malamin gari ko wane tauraro a ke ciki, don su san shuka ta yi ko da saura. Tun da watannin Musulunci ba su bin damina, su kan zagayo da ragin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, sai malamai suka riƙe wani lissafi na shekarar rana da su ke kira na ajami, mai watanni irin su Yunayyar da Marisa da Agushta da Dujambar. Wanda ya saurari sunayen nan da kyau zai ji Janairu da Maris da Agusta da Disamba a cikinsu. Kalandar Rumawa ce ta dā, ta biyo ta Magrib ta ƙetaro Sahara tare da fatake da littattafai, tana kuwa bayan kalandar da ofisoshi ke aiki da ita da kwana 13. Watau watannin Turawa sun riga Turawa isowa Kabi da ƙarnoni. An kuma tsara wannan ilmi a waƙoƙin Hausa don sauƙin haddacewa, har Mervyn Hiskett ya buga nazari a kansu a Landan a 1967.

Akwai shaidar baƙo a kan zurfin wannan sani a gidan su Shehu. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya sauka Sakkwato a 1824, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na'urarsa ta awon tsayin rana da taswirar sama, ya tarar Bello ya san burujai duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo karo na biyu ya kawo masa littafin Uƙlidis na ilmin awo cikin Larabci, Bello ya gaya masa ai dā suna da shi a gidansu, gobara ce ta cinye. Amma fa malaman jihadi sun yanka iyaka a tsakiyar wannan fanni. Lissafin taurari don sanin alƙibla da lokatan salla da damina, wannan sun karɓa, Alƙur'ani ma ya ambaci manzilolin wata a Suratu Yunus da Yasin. Duba da taurari don sanin gaibu kuwa sun hana, Bello har littafi ya yi na gargaɗi a kan masu yinsa. Wannan rarrabewa tsakanin abin da a ke aunawa da abin da a ke ƙagawa, a ganina, ita ce rabin hanyar kimiyya, an kuwa yi ta a nan da Larabci da Hausa da Fillanci.

Kada a ɗauka ina cewa sun san abin da a ke koyarwa yanzu. Samansu irin ta littattafan da suka gada ce: ƙasa a tsakiya, taurari bakwai masu tafiya suna kewaya ta, watau wata, da Uɗaridu, da Zuhura, da rana, da Mirrihu, da Mushtari, da Zuhalu. Game da shekarun duniya kuma, maganar da ta yaɗu ita ce ta Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 15 cewa wa'adin duniya duka shekara 7,000 ne. Amma Turawa ma ba su yi wa wannan nisa ba. Wani babban limamin kirista, Ussher, ya lissafa a 1650 cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, aka daɗe ana buga lissafin nasa a gefen Baibul na Ingilishi.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da a kan manta. Labarin da a ke koya wa yara yanzu ba tsohon gadon Turawa ba ne, sabon abu ne ƙwarai. Baturen da ya sauka Argungu a 1902 bai san akwai wani garken taurari bayan namu ba, bai san abin da ke hura wutar rana ba. Sai a wajen 1924 Edwin Hubble, yana aiki da babban madubin hangen nesa a Amurka, ya tabbatar cewa wani ɗan hazo da a ke gani a sama garke ne dabam mai zaman kansa, can nesa. A 1927 Georges Lemaître na ƙasar Beljiyam, wanda shi kansa limamin coci ne, ya nuna da lissafi cewa sararin da garkunan ke ciki buɗewa ya ke yi. A 1929 awon Hubble ya nuna cewa garken da ya fi nisa shi ya fi saurin ƙara nisa. Saboda haka ran da aka yi wa Sarkin Musulmi Hasan su a Argungu, maganar ba ta wuce shekara bakwai da haihuwa ba, masana da yawa ma ba su yarda da ita ba tukuna. Sunan da a ke kiranta da shi a Turanci, Big Bang, Fred Hoyle ne ya laƙaba mata a rediyon BBC a 1949, shi kuwa mai musunta ne har ya mutu. A 1956 aka auna shekarun ƙasa da duwatsun da ke faɗowa daga sama, aka sami wajen miliyan dubu 4.5. A 1965 Penzias da Wilson suka ba da labarin wani raunannen haske da ido ba ya gani, mai zuwa daga kowace nahiya ta sama daidai wa daida, saurar zafin farko ke nan, shi ne kuwa ya rinjayi yawancin masu gardama. Adadin da a ke bayarwa na shekara miliyan dubu 13.8 kuwa, awon tauraron ɗan'adam mai suna Planck ne da aka bayyana a 2013.

Mu komo gida. Makarantar boko a Arewa da Hausa ta fara. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ya ke koyarwa. Bisa tsarin da aka daidaita wajen 1930, elementare shekara huɗu ce da Hausa: karatu, da rubutu, da lissafi, da addini, da tsabta, da labarin ƙasa. Turanci sai a midil, midil ɗin lardin kuwa tana Sakkwato, can 'yan ƙalilan daga Gwandu da Argungu su ke tafiya. Daga cikinsu kuma a tsamo waɗanda za su Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda kome da Turanci a ke yi. Sarkin Gwandu Haruna, wanda ya hau gadon sarauta a 1954, a wannan kwaleji ya yi karatu. Sakamakon tsarin shi ne ilmi ya rabu gida biyu. Abin da ya shafi gona da rijiya da sauro aka bar wa Hausa. Abin da ya shafi nisan rana da juyawar ƙasa aka ajiye can sama, sai wanda ya haye tsanin Turanci. Ba lalle ne wani ya zauna ya nufi haka ba, amma abin da jama'a suka gani da idonsu shi ne, duk mai cewa ƙasa na juyawa da bakin Bature ya ke faɗi.

An yi ƙoƙarin rushe wannan katanga, ƙoƙarin kuwa ya cancanci yabo. Hukumar Talifi ta Zariya, wadda Dokta R. M. East ya shugabanta, ita ta fid da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A 1949 East da Malam Abubakar Imam suka fitar da littafin Ikon Allah, labarin halitta iri iri ta cikin duniya, da Hausa tsantsa. Sunan littafin kaɗai ya isa darasi. Sun gane cewa Bahaushe in ya ga abin mamaki ba ya rasa abin da zai ce, saboda haka suka shigo masa da kimiyya ta ƙofar da ya saba shiga, ba su nemi ya tuɓe imaninsa a zaure ba. Bayan haka rediyo ya karɓa. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, shekarar da Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko. Sa'ad da Amurkawa suka sauka a wata a Yulin 1969, masunci a bakin Matan Fada ya ji labarin da harshensa, ko ya gaskata ko bai gaskata ba, kalmar kumbo kuma ta sami sabuwar ma'ana ta zauna daram. A shekarar nan kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Duk wannan ya nuna harshen bai gaza ba. Abin da ya rasa shi ne kujera a ajin kimiyya.

Da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a 1976, yara suka kwararo, malamai suka yi kaɗan. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na gari a shekarun farko, daga baya a juya Turanci. A aikace kuwa littattafan kimiyya da jarrabawa duk da Turanci su ke. Abin da ya saba faruwa a aji sananne ne ga duk wanda ya yi aikin duba makarantu: malami ya rubuta jimla da Turanci a allo, yara su maimaita da ƙarfi, ya juya ya yi bayani da Hausa, sa'an nan a yi jarrabawa a kan jimlar, ba a kan bayanin ba. Yaro ya fita ya haddace sunayen duniyoyi takwas a jere, amma in ka nuna masa Zara da magariba bai san ita ce ta biyu a jerin nasa ba.

A nan ya kamata a tsaya a dubi kalmomin kansu, gama a cikinsu matsalar ta ke. Kalmar duniya a Hausa tana ɗauke da ƙasar da mu ke takawa, da zaman mutane, da kishiyar lahira. In malami ya ce akwai waɗansu duniyoyi, yaro na iya jin kamar an ce akwai waɗansu mutane da nasu annabawa. Kalmar sama kuma ita ce inda hadari ke taruwa, ita ce kuma sammai bakwai na karatun allo, alhali Turanci ya ware sky dabam, heaven dabam, space dabam. Saboda haka in littafi ya ce mutum ya tafi space, aka fassara da cewa ya hau sama, an taɓo wurin da marubucin littafin bai nufa ba. Tauraro a Hausa duk wani ɗigon haske ne na dare, amma littafin Turanci ya ce Zara ba star ba ce, rana kuwa star ce. Yaro ya ji an ƙaryata idonsa sau biyu a layi ɗaya. Alhali kuwa da an ce masa Zara tana cikin taurari masu tafiya da malaman zaure suka sani, ba ta da wutar kanta, hasken rana ta ke aro kamar wata, da ya karɓa ba gardama. Akwai kuma kuskuren da mu masu fassara muka jawo, na kiran ƙarfin da ke jan abu ƙasa maganaɗisu. Maganaɗisu ƙarfe ya ke ja, ya bar dutse da ruwa. Wancan kuwa ba abin da ya bari, shi ke riƙe da wata kada ya tsere.

Kalmar theory ta fi su duka wahala. A bakin ɗalibai ta kan zama zato, ko abin da ba a tabbatar ba, ko kishiyar aikin hannu. A wurin masana kuwa bayani ne da aka gina a kan awo, aka jarraba shi ta hanyoyi da yawa bai faɗi ba, a ke kuma shirye a gyara shi in sabon awo ya zo. Haka nan fassara Big Bang da babbar fashewa ta kan sa yaro ya ga kamar nakiya ce ta tashi a wani fili da dā ma yana nan. Ba haka maganar ta ke ba, filin ne kansa ke yalwata. Manomin duma zai fi saurin gane wannan. In ka ɗiga tabo uku a jikin ɗan duma tun yana ƙarami, ka komo bayan wata guda, za ka tarar kowane tabo ya nisanci ɗan'uwansa, ba kuwa wanda ya motsa daga inda aka sa shi, waɗanda dā ma ke nesa da juna su ne suka fi ƙara nisa. Misali ne kawai, yana da iyakarsa, amma ya fi nakiya kusa da gaskiya.

Wani abin ban dariya da ban takaici shi ne, yawancin sunayen taurari masu haske a littafin Turanci na Larabci ne da harshen Bature ya lanƙwasa. Ɗalibi na fama da furta Aldebaran, bai sani ba Dabaran ne da kakansa ke jira ya wuce a shiga damina. Daga nan kuwa ƙofa a buɗe ta ke zuwa ga labarin duka. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ya kan ɗauki minti takwas da 'yan kai daga rana zuwa gare mu. Hasken Dabaran shekara 65 ya ke yi a hanya, watau wanda mu ke gani yanzu ya taso ne wajen zamanin da Nijeriya ta sami mulkin kai. Na Kaza da 'Ya'yanta, su ne Surayya a bakin malamai, ya kan yi wajen shekara 440, ya baro gida ke nan tun magadan Kanta na zaune a Surame. A kusa da manzilin Baɗnul Huti kuma akwai ɗan hazon nan da Hubble ya auna, mai kaifin ido na ganinsa a daren da ba wata ba ƙura. Abdurrahman Sufi ya riga ya siffanta shi a littafinsa na taurari a shekarar 964. Haskensa shekara miliyan 2.5 ya yi a hanya. Da taki uku an tashi daga kalandar noma an kai yaro wajen garkenmu, ba a bukaci kalmar Turanci ko ɗaya ba.

Ƙasar kwarin ma littafi ce. Masana duwatsu sun sa wa shimfiɗun ƙasar wannan yanki sunayen garuruwanmu, akwai ta Gwandu, da ta Kalambaina, da ta Dange. Farar ƙasar da a ke haƙa a Kalambaina don yin siminti cike ta ke da ɓawon halittun teku, gama wani reshen teku ya taɓa ratsa Sahara ya kwanta a nan shekaru miliyan sittin da wani abu da suka wuce. A ƙasar Goronyo, can sama a kan Rima, an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa mai kama da kada da suka zama dutse, masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972. Yaran da ke zaune a kan wannan ƙasa su kan karanta labarin irin waɗannan dabbobi kamar na Amurka ne kaɗai.

Sai kuma sha'anin adadi. Hausa na da dubu da zambar, ta ari miliyan da biliyan, amma aron kalma ba ya kawo jin girman abu. Wanda ya zauna ƙirga ɗaya ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai kai miliyan cikin kwana goma sha biyu, biliyan kuwa sai ya kusa shekara 32. Ko kuwa a ɗauki hanyar mota daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, kimanin kilomita 50, a ce ita ce shekara biliyan 13.8. Matafiyi zai ci kashi biyu cikin uku na hanya kafin a sami rana da ƙasa, saura kilomita 16 ke nan. Tekun Goronyo ba zai bayyana ba sai saura wajen mita 250. Tsofaffin ƙasusuwan mutane irinmu da aka tono, masu shekara wajen 300,000, suna cikin taki ɗaya na ƙarshe. Daga Kanta zuwa yau kuwa kaurin ƙwayar gero ne.

Ba za a kauce wa maganar addini ba, tun da ita ce ke zuciyar iyaye. Waɗansu su kan haɗa labarin nan da ayar Suratul Anbiya mai zancen sammai da ƙasa a haɗe kafin a raba su. Wannan fagen masu tafsiri ne, ƙasar da mai Liya'ut Ta'wili ya zauna a cikinta kuwa ba ta rasa su ba. Malamin kimiyya dai ya fi kyau ya tsaya a kan abin da aka auna da yadda aka auna shi, kada ya jingina aya ga adadin da gobe a ke iya gyarawa. Abin da ya wajaba ya sani shi ne tarihin fanninsa: tun zamanin Halifa Ma'amun a ƙarni na 9 malaman Bagadaza suka fita sahara suka auna kewayen ƙasa, don sun san dunƙulalliya ce. Rashin sanin wannan ba ƙaramar hasara ba ce. A hirar da BBC ta watsa a 2009, Muhammad Yusuf na Maiduguri ya lissafa dunƙulewar ƙasa da tashin ruwan sama daga tururi cikin abubuwan boko da ya ƙi. Da wuya irin wannan magana ta sami masu saurare a wurin da aka san ilmin nan da Hausa da Larabci, aka san kuma na gida ne.

Masu goyon bayan Turanci zalla suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. Jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a da Turanci a ke yi. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013, da Turanci a ke karatu. Jihar Kebbi kuma, tun da aka yanke ta a 1991, ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Zabarmawa da Fulani da Dakarkari da Kambari, waɗanda ga waɗansunsu Hausa ma harshe na biyu ce. Gwamnatin Tarayya kanta ta yi ta kai da kawowa: a Nuwamban 2022 ta ce a koyar da firamare duka shida da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, a koma Turanci tun daga tushe, yana kafa hujja da faɗuwa jarrabawa. Amma manufar da ba a buga mata littattafai ba, ba a horar mata da malamai ba, ba a iya cewa an gwada ta cikin shekara uku. Inda aka gwada da gaske shi ne Ile-Ife, daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa. An koya wa yara kome da Yarabanci shekara shida, har da kimiyya da lissafi, Turanci kuwa aka ba shi gwanin malami a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuwa sun yi musu fintinƙau. Abin da ya fito daga nan shi ne yaro ya fi saurin kama kalmar baƙon harshe in ya riga ya mallaki abin da kalmar ke nufi. Wanda ya gane Dabaran da nisansa da Hausa, Aldebaran laƙabi ne kawai zai ƙara. Wannan aiki kuwa a wuraren horon malamai ya ke, irin Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, gama malamin da bai taɓa jin bayanin da harshensa ba, da wuya ya bayar da shi da harshen wani.

Ran 29 ga Maris 2006 da hantsi, inuwar wata ta ratsa Nijeriya ta arewa maso yamma, rana ta rufe ɗungum a Gusau da Katsina da Maraɗi, a Birnin Kebbi da Argungu kuma wata ya ci mafi yawanta. Gidajen rediyo sun faɗi ranar da sa'ar da Hausa tun kwanaki kafin abin ya auku, suka yi gargaɗi kada a dubi rana da ido tsirara. Mutane suka yi sallar kisfewa kamar yadda sunna ta koyar, suka kuma ga lissafin bai saɓa ba. Lissafin nan dai ya nuna cewa ran 20 ga Maris 2034 wata inuwar za ta sauka a kudancin Nijeriya ta wajen Ikko, a kwarin Rima kuwa za a ga rana ta ragu ƙwarai. Shekarar ce bikin Argungu zai cika shekara ɗari, yaran da suka shiga aji ɗaya na firamare a 2025 kuma za su kasance a aji uku na ƙaramar sakandare.